Hukuncin Ɗibar Naman Hantar Kyanwa Don Binciken Ciwon Daji

Tambaya: Malam, kyanwata ta tsufa, ta rame, ta daina cin abinci, fararen idonta sun koma rawaya. Likitan dabbobi yana zargin ciwon dajin hanta, ya ce sai an ɗebo ɗan naman hantar an duba. Shin wannan ba azabtar da dabba ba ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan tausayi. Binciken ya halatta, kuma ina kyautata zaton za ki sami lada.

Abin da shari'a ta haramta shi ne cutar da dabba ba tare da dalili ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Amma zafin da ke da maslaha hukuncinsa daban. Anas ya ga Annabi (SAW) yana yi wa raƙuman zakka alama da ƙarfe mai zafi, alhali ya hana a yi hakan a fuska. Idan an yarda da wannan don kiyaye dukiya, to don lafiyar dabbar da kanta ya fi cancanta, balle ga shi ana yi mata allurar barci tukuna.

Sai mu duba ko akwai buƙatar. Alamomin da kika lissafa ba su keɓanta da ciwon daji ba. Kumburin hanyoyin matsarmama yana kawo su, haka ma taruwar kitse a hanta, wanda ke kama kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, kuma dukansu ana magance su. Gwajin jini yana nuna hanta ta taɓu, bai faɗin abin da ya taɓa ta. Sikanin yana nuna ƙari, amma ƙari da yawa a hantar tsofaffin kyanwoyi, musamman na hanyar matsarmama, ba masu yaɗuwa ba ne, ana cire su da tiyata. Ba a rarrabewa sai an duba naman. Yanke hukunci da zato a nan shi ne abin tsoro.

Sharaɗi shi ne ƙwararre ya yi aikin, a fara da mafi sauƙi, wato zuƙo ƙwayoyin halitta da siririyar allura, kafin a kai ga yanka. A gwada daskarewar jininta tukuna, domin hanta ce ke samar da sinadaran tsayar da jini. Ina kuma roƙonki kada ki ba ta farasitamol, guba ne ga kyanwa.

Idan kuɗin zai taɓa haƙƙin iyali ko bashin da ke kanki, su ke gaba. Idan kuma likita ya ga ba za ta jure allurar barci ba, ko sakamakon ba zai sauya maganin ba, a bar binciken, a rage mata zafi, a ci gaba da ciyar da ita. Babu laifi a kanki.

Wallahu a'alam.