'Yata na son walimar shigar mayu

'Yar'uwa, kin ce 'yarki mai shekara 10 na son walima da shigar mayya, irin ta ƙawayenta a Ingila. A can mayya 'yar tatsuniya ce: baƙar hula mai tsini, tsintsiya, baƙar kyanwa, musamman ranar 31 ga Oktoba da suke bikin shigar ban tsoro na Halloween. A gida kuwa kalmar nan tana raba zumunci. Ni dai da ni ce, zan ce shigar masu dabo ce, kuma ba zan tura wa dangi hotunan ba.

Ki sayo baƙin kwali yaran su naɗa hulunansu da kansu, zai ɗauke musu hankali sosai. Zoɓo a tukunya ya isa abin sha. Kada a kashe fitila, ƙananan suna firgita. Alewa kuma ki karanta jikin ledar, wasu da sinadarin alade ake yin su.