Amsa ga 'yar'uwar da ƙanin mijinta ya riƙe takardun fansho

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Kin ce ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu yana bakin aiki, ƙaninsa ya kwashe takardu wai shi aka rubuta magaji a fom, ke kuma kina takaba da yara huɗu, kina tambaya ko kina da wani haƙƙi. Wallahi da na karanta sai da ƙirjina ya buga, don ni ma haka aka yi mini.

Kina da haƙƙi, yaranki ma haka. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfanin fansho ba zai saki kuɗin da ke asusun mamaci ba sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da gado daga kotu, kuma sai PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa, ta amince. Sunan da ke fom shi kaɗai ba ya fitar da ko sisi daga wannan asusun. Don haka kar ki yarda a karɓo takardar kotun nan babu sunanki a ciki, kuma duk takardar da aka miƙo miki a ɗaki aka ce sa hannu kawai, ki ce sai an karanta miki.

Amma inda nake jin miki tsoro shi ne kuɗin inshorar rai. Wannan daban yake da asusun fansho, aƙalla ninki uku ne na albashinsa na shekara da alawus, kuma wanda mamacin ya rubuta a fom ɗin inshorar shi ake biya. Nan aka ci ni. Marigayi maigidana ya cike nasa tun yana saurayi, ya sa sunan yayansa. Mutumin nan ranar addu'ar bakwai ya shigo har ɗakina yana share hawaye, ya ce mai takaba ba ta yawon ofis, shi zai tsaya wa marayu. Ya ɗauki jakar takardu ya fita. Daga nan kullum "ana kan bi", "gwamnati ba ta saki ba". A bakin wani abokin aikin marigayi na ji cewa an daɗe da biya. Lokacin har ya ƙara aure, ya zuba motoci a hanya.

Ranar da ba zan manta ba, an koro mini babban yarona daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa. Na riƙo hannunsa muka je gidan baffan nasa. Aka bar mu a zaure tun hantsi har aka kira azahar, ina jin muryarsa a ciki yana dariya, sai amaryar ta leƙo ta ce barci yake, ta miƙo mini kuɗin mota. Yaron ya dube ni ya ce, "Umma mu tafi." Har yau in na tuna abinci ba ya shiga. Kuma dangi suka ce in yi haƙuri, kar in ɓata zumunci. Zumuncin da ya cinye abincin marayu? Na bar shi da Allah, amma ban bar masa asusun fanshon ba, wannan kam sai da muka tsaya gaban alƙali.

A shari'a ma ɗan'uwa ba ya gado in mamaci ya bar ɗa namiji. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, in akwai kishiya ku raba, mahaifiyarsa in tana raye sudusi, bayan an biya bashi. Ki jawo surukarki a jiki, maganarta tana da nauyi a kan ɗanta.

Ki tura yayanki ko wani amintacce ofishin marigayi ya tambayi sunan wa ke kan fom ɗin inshora, a kuma kai wa kamfanin fanshon takarda a rubuce cewa akwai mata da yara. Ki nemi takardar shaidar rasuwa ta asibiti da ta Hukumar Ƙidaya, takardar ɗaukarsa aiki, takardun albashi na ƙarshe, da takardun haihuwar yara. Komai ki ɗauki hotonsa a waya. Batun fita kuma ki tambayi malami, ana ba mai takaba dama ta fita da rana don lalura. Masu zagaye a bakin ofis suna cewa a ba su kaso su gaggauta miki, ki guje su. In maigidanki ya fara aiki kafin 2004, akwai haƙƙinsa na tsohon tsari da gwamnati ke zubawa daban, shi ne mai jan rai.

Ku kuma maza da ke cikinmu, don girman Allah ku je ku sabunta fom ɗin inshorar nan. Masu shirin ritaya ku sani, wanda ya bar kuɗinsa a kamfanin fansho ana ba shi wata-wata, ragowar na magadansa ne. Wanda ya mayar da kuɗinsa kamfanin inshora don su riƙa biyansa kuwa, shekara 10 aka lamunce, in ya wuce su ya rasu iyali ba su da komai. Ma'aikatan jiha irin su Kano da Jigawa tsarinku daban ne, hukumarku za ku tuntuɓa.

Ki faɗa mana, cikin yaran akwai namiji? Kuma kina da abokiyar zama? In akwai, ku haɗa kai ku je kotun tare kafin shi ya riga ku.