Amsa: shafin kyauta ko wanda za ka biya wa masauki?

Malam, kan tambayarka ko ka buɗe shafin kyauta ko ka kama masauki na kuɗi (wurin da kamfani ke ajiye maka shafi a intanet) don tallan shinkafarka ta Argungu, shawarata ka fara da Blogger, dandalin buɗe shafi a intanet. Na Google ne tun 2003, ba a biyan ko sisi, kuma daga wayarka za ka ɗora hoton buhu da farashinsa. In wutsiyar blogspot.com da ke bin sunan shafin ce ta dame ka, sayi suna mai .com.ng ka haɗa, haɗawar kyauta ce.

WordPress, manhajar gina shafi da mutum ke ɗora wa kansa a masaukin kuɗi, ya fi faɗi, har shago kana iya kafawa da WooCommerce, ƙarin manhajar saye da sayarwa. Amma fa kai ne mai gadi: sabuntawa, adana kwafi, biyan haya duk shekara. Ni a nan Birnin Kebbi ranar biya ta wuce ina fadama wajen dashe. Kamfanin masaukin ya rufe shafina, rubutun wata takwas ya salwanta saboda ban adana kwafi ba. Wallahi har yau abin yana yi mini ciwo.

Ranar da masu saye suka fara neman biya ta shafin, sai ka koma WordPress, yana da hanyar kwaso rubutun Blogger.