Amsa: Karatun shari'a a Ngaundere ko a Marwa?

Ɗan'uwa, ka ce kai mazaunin Garwa ne, kana kuma tambayar inda ya fi dacewa ka karanci shari'a tsakanin Jami'ar Ngaundere da ta Marwa. Dukkansu na gwamnatin Kamaru ne, kuɗin rajista sefa 50,000 ne a shekara, kuma digirin farko shekara 3 ne, saboda haka daraja ɗaya takardun biyu suke da ita a wajen hukuma.

A ganina Ngaundere ta ɗan fi rinjaye. An kafa ta a 1993, ta Marwa kuwa sai a 2008, kuma daɗewar nan na nufin za ka tarar da tsofaffin ɗalibanta a kotuna da ofisoshin lauyoyi, waɗanda za su iya karɓarka koyon aiki. Ga shi kuma jirgin ƙasa yana tashi daga can zuwa Yawunde, inda makarantar ENAM mai horar da alƙalai take, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai niyyar shiga jarrabawarta. Sai dai jami'ar tana Dang, bayan gari, don haka ka lissafa kuɗin ɗaki da na abin hawa tun yanzu, ka kuma tanadi bargo saboda sanyin tudun Adamawa.

Idan kuwa kana da dangi a Marwa da za su ba ka masauki da abinci, wannan kaɗai ya isa ya sauya lissafin. Kafin ka yanke shawara, ka kuma leƙa Jami'ar Garwa da aka buɗe a 2022, domin ita ma tana koyar da shari'a.