Amsa kan barcin matuƙan jirgin sama

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne matuƙin jirgi na barci a sama, tunda Hajiyarka za ta tashi zuwa Saudiyya hankalinka bai kwanta ba. Eh gaskiya ne, amma da tsari ake yi. In tafiya mai nisa ce sosai ana ɗaukar matuƙa uku ko huɗu, akwai ɗan ɗaki da gado, wani ya kwanta wani ya riƙe. Kamfanoni da dama kuma sun yarda ɗaya ya runtsa kamar minti 40 a kujerarsa, ɗayan ido buɗe.

Abin da ni ke ba ni tsoro shi ne wanda bai yi barcin ba. Tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba jiki sauka yake yi ko ka sha shayi kofi nawa, duk wanda ya bi motar dare daga Damagaram zuwa Yamai ya ga yadda kan direba ke rinjaya. Bayan hatsarin jirgin kamfanin Colgan Air a Amurka a 2009, mutum 50 suka rasu, Amurka ta sa dokar hutun awa 10 kafin aiki, awa 8 a ciki na barci. Kuma matuƙi na da haƙƙin cewa na gaji ba zan tashi ba, wallahi gara jirgi ya yi latti. Allah ya kai Hajiya lafiya.