Masu fasa batir a unguwa: ta ina za a ɓullo wa gwamnati?

Malam, kamar yadda ka ce, ana fasa tsofaffin batiran mota a bayan layinku ana narkar da dalma, hayaƙi na shiga gidaje, kuna so hukuma ta shigo ba tare da rigima ba.

Kada ka je kai kaɗai. Ku haɗu da mai unguwa, liman da iyaye mata, ku rubuta takarda ɗaya da hotuna, ku kai wa duba-gari na ƙaramar hukuma, da ma'aikatar muhalli ta jiha da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. A buga muku hatimi a kwafinku, don takarda kan yi ƙafa a ofis.

Masu sana'ar kuma ku jawo su jiki. Abincinsu ne, in aka kore su da tsiya, cikin gidaje za su koma, abin ya fi muni. Ku nemi a ba su fili nesa da jama'a.

Tashinsu ba ya kashe gubar dalmar, tana nan cikin ƙasar da yara ke rarrafe a kai. A Zamfara a 2010 dalmar dutsen zinare ta kashe yara sama da 400. A ƙauyen Bagega na jihar sai da gwamnatin tarayya ta saki kuɗi a 2013, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara yi wa yara magani. Kada ku share wurin da tsintsiya, ƙura za ku tayar.

Yaran kuwa a kai su asibiti a gwada jininsu ko da ba su nuna alama ba, haka ma masu juna biyu. Madara ba ta wanke dalma.