Ina so in ɗaga tirelar kwana ta, maɗaurin mota fa?

Tambaya: Salam Malam. Ina zaune a Texas, na sayi tirelar kwana ta hannu, irin mai gado da kicin a ciki, ƙafa 24 ce mai akzil biyu, da motar Ford F-150 nake janta. Duk sanda na shiga hanyar burji ko zan fita daga gidan mai mai gangare sai bayanta ya gogi ƙasa, har bututun ruwan datti ya tsage. Wani makaniki yace a mayar da sifirin saman akzil, wani kuma yace manyan tayoyi kawai zan saya. Wanne zan yi, kuma dole sai na canza maɗaurin bayan mota?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh tunda bayanta ne ke gugar ƙasa, makanikin farko ya fi gaskiya, amma fara leƙa ƙarƙashinta tukuna. In sifirin mai falle-falle ne kuma yana ƙasan akzil, mayar da shi sama zai ɗaga jikin tirelar kamar inci 4 zuwa 6, wato kaurin akzil ɗin haɗe da kaurin sifirin. In kuwa irin akzil mai roba a ciki ne, kamar Torflex na Dexter, babu sifirin da za a juya, sai dai a sa ƙarfen ƙari tsakaninsa da firam. Kuma dan Allah kar ka yarda wani ya kifa akzil ɗin kansa, an yi shi da ɗan lanƙwasa a tsakiya da gangan, in aka kifa shi tayoyi zasu cinye ta gefe guda. Sabon mazaunin sifirin ake sawa a sama, mai walda ya kama shi da kyau, a sa sabbin yubol, wato ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da akzil, tsoffin a zubar. Manyan tayoyi su kaɗai ne ke ɗaga akzil ɗin daga ƙasa, amma rabin ƙarin tsayin tayar kawai kake samu, taya ta ƙaru da inci 2 kai ka samu inci 1, ga shi tsakanin tayoyin nan biyu wurin ba yawa.

Maganar maɗauri kuwa nan ne na fi so ka tsaya, don mutane da yawa suna gama ɗagawa sai su maƙala ta a tsohon wurin su hau titi. Duk incin da jikin ya hau, bakin tirelar ma ya hau shi, kaga in ƙwallon ƙarfen bayan mota da bakin ke hawa na nan inda yake sai ta riƙa tafiya kai a sunkuye, nauyi ya taru a akzil na gaba, tayoyinsa su yi zafi. In kuma ka zarce ka ɗaga ƙwallon da yawa, hanci ya kalli sama, wannan ya fi muni, bayan da kake son ceto ya sake sauka, sannan ta fara kaɗa wutsiya duk sanda babbar mota ta wuce ka. Ka samu fili mai shafe, ka loda ta yadda kake tafiya da ita, ka juya jak har tsayin firam gaba da baya ya zo ɗaya a tef, sai ka auna daga ƙasa zuwa cikin saman bakin da ke hawa ƙwallo. Ƙwallon motar ya zo daidai nan ko ya ɗara da kamar inci 1 tunda bayan mota zai zauna. In ba a samu daidai cif ba gara hancin ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Nauyin da ke kan ƙwallo ya tsaya kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta.

Ni shawarata ka sayi ƙarfen maɗauri mai ramuka da yawa wanda ake hawa da sauka da shi, ka duba nauyin da aka buga a jikinsa ya kai naka, in kana da sandunan da ke raba nauyin bakin tirela tsakanin mota da tirelar kuma sai an sake saita su daga farko. Ka ƙara duba wayar birki da sarƙoƙi ko sun yi gajarta, matakalar ƙofa ma zata yi wa yara da iyaye nisa. Sannan ka auna sabon tsayinta har kan na'urar sanyi ta rufi ka rubuta a gaban sitiyari saboda gadoji, kuma ka rage gudu a kwana don yanzu nauyinta ya koma sama.